Kifin Kanari da Tulun Inna

Zuwa ga ƙanwata, Autarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk waɗanda kuke tare. Yaya aiki, yaya sanyi, yaya kuma haƙuri da rashinmu? Allah ya ƙara miki ƙarfin jiki, ya sa wahalar nan ta ɗan lokaci ce, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Mu nan kalau muke, sai godiyar Allah. Gwiwar Inna ta yi sauƙi tun da ta fara shafa man da kika aiko, ko da yake ba za ta taɓa yarda man ne ya yi aiki ba, wai tattakin da take yi zuwa bakin titi ne ya warkar da ita. Maigidana, Injiniyan famfo kamar yadda kike tsokanarsa, yana nan yadda kika bar shi, kullum ya dawo da jiƙaƙƙen wando, famfon gidan kowa ya daina zuba ban da namu. Ni kuma ina nan da kekena, ɗinki ya yi yawa har na fara sa tabarau. Kada ki yi dariya, naki na nan tafe.

Kewarki kuwa ban san ta inda zan fara ba. Na ɗauka idan watanni suka tura zan saba, ashe yaudarar kaina nake yi. Har yanzu in wata ta kawo yadi ta ce a yi mata ɗinkin da ba zai taɓa karɓarta ba, sai in juya wajen kujerar da kike zama kina farke mini ɗinki, don mu haɗa ido mu gimtse dariya, sai in ga tarin kayan mutane a kai. Kofinki mai karyayyen hannu yana nan a bayan sauran, Inna ta hana a sha ruwa da shi, ta kuma hana a yar. Tun rasuwar mijinki, baban Kanari, na san tafiyar nan ta zame miki dole, ni ce ma na ce ki tafi ki bar mini yarinyar. Ban yi nadama ba, amma gidan ya yi mini faɗi.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga hannuna alhali ga waya, da kuma ɗan ƙunshin da ke cikin ambulan. Kada ki kwance shi tukuna, ki bari sai kin kai ƙarshe. Maganar Kanari ce ke tafe da ni, kuma ba irin wadda ake yi a waya ba ce, kina tsaye a lungun wurin aiki kina duba agogo. Kin sha tambayata me ya sa ba ta zuwa ku gaisa, in ce tana wasa, ko ta yi barci. Na san kin gane, domin nakan ji yadda muryarki ke sauka. Gaskiyar magana, yarinyar da muka sa wa suna Kanari saboda bakinta ba ya hutawa ta zama shiru-shiru. Tana cin abinci, tana zuwa makaranta, amma da zarar wayata ta yi ƙara ta ga hotonki, sai ta shige ƙarƙashin teburin ɗinkina ta rungume gwiwoyinta. Mun yi lallashi, mun yi faɗa. Inna takan jawo ta ta hannu ta ce mata uwarki ce, ki yi magana, ni in kara mata wayar a kunne, ita kuwa ta sandare ta ƙura wa bango ido har ki gaji da kiran sunanta. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ranar da ta yanke a yatsa, ta rugo wurina tana kirana Ummi, sunan da ba ta taɓa kiran kowa da shi ba sai ke. Na ɗaure mata yatsan, na shiga ɗaki na yi kuka. Ina son yarinyar nan kamar ni na haife ta, amma ba na so in wayi gari in ga na ƙwace miki 'ya, ki dawo ta dube ki kallon baƙuwa.

Kin tuna hoton da kika turo daga falon gidan tsofaffin da kike aiki, na akwatin gilashin nan mai kifaye? Akwai wani baƙin kifi mai ɗige-ɗige da ya manna bakinsa a jikin gilashin, can a bayansa kuma ana ɗan ganin inuwarki riƙe da waya. Na bar wayar a kan tebur na tafi duba tukunya, ina dawowa na tarar Kanari ta ɗauka tana kallo. Ta daɗe sosai, can ta tambaye ni ko kifin ma wani yake leƙe a waje. Nan take na tuna ranar tafiyarki, da ta hau kujera ta manna baki da hanci a gilashin tagar falo har motar ta sha kwana. Ita ce tambayar farko da ta yi game da wani abu naki tun daga wannan rana. Da na ba Injiniya labari sai ya ajiye cokali ya ce to ai magana ta ƙare, in kifi ne zai buɗe bakin Kanari, za a kawo shi gidan nan ko a ƙasan teku yake.

Mun yi yawo kafin mu sami shagon. Wata doguwar mata ce mai sayar da kifin ado a bayan layin masu gilashi, ba ta da yawan fara'a, hannunta kullum a jiƙe. Na nuna mata hoton, ta ce fileko ake ce masa, dangin tarwaɗa ne, amma shi ba na miya ba ne, aikinsa lasar gansakukar da ke fitowa a jikin gilashi da itace. Tana da 'yan ƙanana da ba su kai ɗan yatsana ba. Na ce a zuba mini uku a leda, na ɗauka sayen tumatir ne. Matar nan ta dube ni sama da ƙasa ta tambaye ni ina zan sa su, na ce muna da babbar roba. Ta ce in je in yi wanki a robata, ita ba ta sayar wa mutum kifi sai ya gina masa gida, gidan kuma ya zauna da ruwa har ruwan ya nuna. Kin san ni da zuciya, saura kaɗan in gaya mata ba ita kaɗai ke da kifi a duniya ba, sai na tuna a garin nan kam ita kaɗai ce.

Daga nan Injiniya ya ɗauki abin da zafi. Mutumin da na gaji da roƙo ya gyara mana famfon kicin, shi ne ya je aka yanka masa gilashi mai kauri, ya zauna a baranda yana haɗa shi da gam, harshe a waje, ko ƙuda ba ya so ya sauka a kai. Da ya bushe ya cika shi da ruwa ya shimfiɗa jarida a ƙasa, kullum da safe ya je ya shafa ya ji ko ta jiƙe. Ni da Kanari aka ba mu wankin yashi, muka yi ta ɗauraya a bokiti har ruwan ya daina fita da laka. Aka sa ɗan inji mai hura iska ta cikin soso, shi ke tace ruwan, da wata 'yar sanda mai ɗumama shi, don kifin ba ya son sanyi, irinki ke nan. Ruwan famfo ma ba a zuba shi kai tsaye, sai ya kwana a buɗaɗɗen bokiti warin maganin da ake sa masa ya fita. Mai kifi ta ba mu wata murɗaɗɗiyar saiwar itace ta ce dole ce, domin fileko yana gwaguyar itace, cikinsa ba ya daidaita in babu. Muka dafa ta, muka jiƙa, muka ajiye ta a tsakiya tare da wata 'yar tukunyar fure da aka kwantar a gefenta. Abu na ƙarshe shi ya kusa sa Inna amai. Matar nan ta matse tsohon soson shagonta a kwalba, ruwa baƙi ƙirin, ta ce mu juye a namu, wai akwai wasu ƙananan halittu a ciki da ido ba ya gani, su ne ke cinye ƙazantar kifi. Inna ta ce tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa ganin an je an roƙo dauɗa an kawo gida ba.

Sai jira. Makonni akwatin nan yana kusurwar falo kusa da teburin ɗinkina, inda rana ba ta dukansa, babu komai a ciki sai kumfa na tashi. Ruwan ya yi launin shayi saboda itacen, gilashin ya fara yin kore-kore. Matan da ke kawo ɗinki sukan leƙa su tambaya ina kifin, in ce yana hanya, wata ma ta ce ko shi ma biza yake jira. Na taya su dariya, amma maganar ta soke ni. Kanari kuwa ba ta taɓa ƙosawa ba. Ta dawo daga makaranta, ta tuɓe takalmi, ta jawo 'yar kujerarta ta zauna tana kallon ruwan da babu kowa a ciki. Yarinyar nan ta iya jira fiye da shekarunta, Auta, kuma ban ji daɗin sanin inda ta koyo ba.

Ranar da mai kifi ta gwada ruwanmu ta ce ya yi, Kanari ce ta riƙo ledar a cinyarta har gida. Muka ɗora ledar a kan ruwan akwatin don ɗuminsu ya zo ɗaya, muna zuba mata namu ruwan kaɗan-kaɗan, sannan aka sake su. Kafin ƙiftawa da bismilla sun ɓace. Ɗaya ya shige tukunyar fure, biyu suka maƙale a bayan itace. An gaya mana dama haka suke, ba sa son haske, baƙunta kuma tana ƙara musu tsoro, amma gaya wa babba daban, gaya wa yaro daban. Kwanaki suka wuce ba mu ga ko wutsiya ba. Mukan sa yankan kokwamba a danne shi da cokali a ƙasa, da safe mu tarar an gwaguye tsakiyarsa, ita ke nan shaidarmu ta cewa akwai rai a ciki. Wata yamma Kanari ta daɗe a gaban gilashin, sannan ta juyo ta tambayi Inna ko su ma sun tafi ne. Inna ta tashi ta shiga kicin tana goge abin da ta riga ta goge.

Kin san uwarmu, matar da ta ƙare ƙuruciyarta a ɗakin wanki da guga na otal, wadda ta yi imani babu damuwar da sabulu da ruwa ba sa magani. Washegari na raka Kanari makaranta na wuce kasuwa sayen zare, Injiniya ya fita aiki, Inna ta naɗe hannun riga. Ta kwashe kifayen a kwano, ta tsame itacen ta jefa kan tarin shara, ta zubar da ruwan kaf, ta sa sabulu ta dirje gilashin har yana ƙara. Soson injin ta wanke shi fes a bakin famfo, 'yar tukunyar furen ma ta sha kumfa aka kife ta a rana. Ta cika akwatin da sabon ruwa mai sanyi ta mayar da su. Da muka dawo ga akwati yana walƙiya, ga Inna a zaune tana murmushi. Ta ce wa Kanari to ga kifinta nan, yanzu babu inda za su ɓuyar mata, ta kalle su son ranta. Ba mugunta ba ce, Auta. Tambayar jiya ce ta kasa jurewa, sai ta yi abin da hannunta ya sani.

Mun gan su kam. Sun taru a kusurwa ɗaya, kowanne yana ƙoƙarin shigewa ƙarƙashin ɗan'uwansa, launinsu ya koɗe, suna haki. Garin neman gira aka rasa ido. Kafin Injiniya ya dawo mu san abin yi, ƙaramin cikinsu ya daina motsi. Kanari ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta sa hannu ta ɗauko shi, ta naɗe shi a ƙyallen da ta tsinta a gindin kekena, ta binne shi a tukunyar furen baranda, ta shige ƙarƙashin tebur. Na juya zan sauke wa Inna kwandon masifa, sai na ga inda take kallo. Tagar falo ce, can ƙasa ta gefen hagu, inda shatin bakin Kanari da hancinta yake tun ranar tafiyarki. Ashe duk gogar da take yi wa tagar nan kullum, kewaye wurin take yi, ni da nake wuni a ɗakin ban taɓa lura ba. Sai na fasa faɗan, na je na ɗauko bokiti.

Muka ɗauki biyun da suka rage a bokiti zuwa shago. Na shirya shan faɗa, amma matar nan ta saurare ni har ƙarshe, ta karɓe su ta ce su yi jinya a wurinta har mu sake gyara gida. Ta ce ruwan akwati ba a canza shi gaba ɗaya, kaɗan ake ɗiba a mayar da wanda ya kwana, soson kuma a cikin tsohon ruwan ake ɗauraye shi, sabulu kuwa ko warinsa kada ya kusanci wurin. Sannan ta ce kuskuren da kowa ke yi da wannan kifi shi ne cire masa maɓoya don a riƙa ganinsa. In ba shi da inda zai shige, tsoro ba ya barinsa ya motsa. Sai ya tabbata akwai rami a bayansa wanda babu mai zaro shi daga ciki, sannan yake samun ƙarfin halin fitowa. Ita kifi take nufi, ba ta san komai game da gidanmu ba. Ni kuwa a hanyar dawowa ban ga titi ba, hannun Inna kawai nake gani yana jawo Kanari daga ƙarƙashin tebur, da nawa hannun riƙe da waya.

Aka koma farko. Injiniya ya ɗauraye akwatin har ya gaji, ya tono itacen daga shara, Allah ya sa shi bai sha sabulu ba. Tukunyar furen kam ba ta sake shiga ruwa ba, don yumɓu yana shanye sabulu ya riƙe. Muna cikin shawarar inda za a samo wata sai muka ji ƙarar fashewar abu a baranda. Tulun Inna ne. Tulun da Baba ya saya mata, wanda take rungumewa a cinya duk ƙaurar da muka yi, wanda kika taɓa shan mari saboda kin ɗora ƙafa a kansa. Da hannunta ta ɗauki gudumar Injiniya ta fasa shi. Ta shigo da guntayen a bakin zaninta ta ce wannan bai taɓa ganin sabulu ba tun da aka gina shi, domin sabulu yana ɓata ɗanɗanon ruwa. Ta zauna tana goge kaifinsu a jikin dutse don kada su yanki kifi. Ba ta ce wa Kanari ta yi haƙuri ba, kin san bakinta bai iya furta wannan ba, ta dai miƙa mata wuyan tulun ta ce ta zaɓi inda za a ajiye. Kanari ta zaɓi gefen da ke kallon teburina.

Ni ma na yi nawa gyaran. Na ɗinka labule na zagaye ƙafafun teburin, na sa mata matashi a ciki, na bar 'yar kafa ta gefen akwatin. Na faɗa wa kowa a gabanta cewa nan ɗakin Kanari ne, in ta shiga babu mai leƙa ta, babu mai kiranta, ko wane ne ya bugo waya. Inna ta dubi akwatin, ta gyaɗa kai. Duk ranar da babu makaranta mukan je shago dubiyar marasa lafiya, kuma da ruwa ya sake nuna aka ba mu su. A hanya Kanari ta ɗaga ledar ta ce musu ai dama ta san za su dawo, ni kuwa na kau da kai ina kallon motoci. Gilashin ya sake yin kore, Inna tana wucewa ta gabansa hannuwanta a baya kamar an ɗaure su.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kin tuna kiranki na ranar hutunki, da ake ruwan sama a nan, na ce miki yau ba zan kira Kanari ba, mu yi hirarmu kawai? Tana bayan labulen a lokacin, ni kuma na buɗe muryar wayar na ajiye a kan keke don hannuna yana kan ɗinki. Ke ba ki sani ba, sai kika saki jiki kika yi irin maganar da ba kya yi in kin san tana ji. Kika ce ƙafafunki suna kumbura, ɗakinku gado a kan gado, ko kuka mutum yake so ya yi babu inda zai yi ba a gan shi ba. Kika ce wani lokacin kina tsayawa a gaban akwatin kifin nan kamar kina goge shi, don kawai ki juya wa mutane baya. Bayan mun yi sallama hadari ya ƙara rufe gari, falon ya yi duhu-duhu. Can na ji an ja bakin zanina. Kanari ce, ta ɗora yatsa a leɓe tana nuna mini akwatin. Babban ya fito daga wuyan tulu. Ya tsaya, ya koma, ya sake fitowa, sannan ya hau gilashi ya manna bakinsa daidai saitin fuskarta, ɗan bakin nan yana motsi. Ɗayan ma ya biyo baya ya hau kan kokwamba. Mun daɗe a durƙushe ni da ita, ko numfashin kirki ba ma yi.

Ba ta ɗauke ido daga gilashin ba ta tambaye ni, wai Ummi in ta ji tsoro a can ina take shiga. Ummi ta ce, Auta, kuma ba ni take nufi ba. Na ce mata ban sani ba. Sai ta ce ai shi ya sa Ummi ta kasa fitowa ta dawo gida, ba a ba ta wurin ɓuya ba. Washegari, lokacin da Injiniya ke ɗibar ruwan canji, ta tura hannu har kafaɗa ta ɗauko wani ɗan guntun tulun Inna daga ƙasan akwatin, ta shanya shi a taga. Da kanta ta bincika jakar ƙyallayena ta zaɓi ragowar yadin rigar da na ɗinka miki ta tafiya, ta naɗe shi, ta kawo mini ta ce a aika wa Ummi. Shi ne ƙunshin da ke hannunki.

Ba zan ce miki komai ya warware ba, don har yau ba ta karɓi waya ba, jiya ma da ta yi tuntuɓe Ummi ta sake kirana. Amma sannu ba ta hana zuwa. Roƙona gare ki shi ne, in kin kira kada ki ce a ba ki ita, kada ma ki kira sunanta, duk da na san yadda abin zai yi miki ciwo. Zan ajiye wayar a ƙasa kusa da labule. Ki yi hira da ni, ki ba ni labarin kifinku na can, me yake ci, ina yake kwana, ki gaya mini ƙunshi ya iso da inda kika ajiye shi. Ki daina nuna mata komai lafiya lau ne, domin ranar da ta ji kin gaji ce ta matso. Mai kifi ta ce waɗannan 'yan mitsi-mitsin za su yi ta girma har akwatin nan ya yi musu kaɗan. Kanari tana auna babban da yatsanta ta jikin gilashi, ta kuma gaya wa Injiniya kada ya haɗa sabon akwati sai Ummi ta zo ta wanke yashi. Ban yi mata alkawari a madadinki ba. Amma ni ma tun daga ranar ina kama kaina ina auna kifin nan da ido, ina roƙon Allah ya jinkirta masa girma, ke kuma ya gaggauta miki dawowa.

Inna tana gaishe ki, ta ce ki riƙa ɗora ƙafafun nan a kan matashi, ta kuma ce a tambaye ki ko ana wanke zannuwan gadonku yadda ya kamata. Injiniya yana gaisuwa, ya ce a gaya miki famfon kicin yana cikin shirinsa. Ki gaishe mini da Gwaggo in kin sami leƙa ta, da ɗanta Dogo da matarsa, da 'yar ɗakinku mai yawan dariyar nan da nake jiyo muryarta ta bayanki. Allah ya tsare mana ke, ya sa ki gama lafiya, ya dawo da ke kan kujerarki.

Taki, mai kewarki safe da yamma,
Yayarki

Na riga na ninke takardar, sai Kanari ta sa na sake buɗewa. Ta ce in rubuta miki cewa gefen guntun tulun da ya yi kore shi ne sama, ki kife shi yadda zai yi rumfa. Ta kuma ce, don Allah, kada ki wanke shi.